Igiyar Ɗanliti a Ajin Lissafi

Assalamu alaikum masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa ni ba ni da kirki. 'Yar'uwa, ki ɗan riƙe zaginki tukuna, don abin da na aikata ranar Laraba ya fi na baya muni. Gara ki haɗa ki yi min gaba ɗaya.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Saudatu, a gida Saude. Shekarata ashirin da huɗu, a Ƙanƙara nake zaune da iyayena, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye kan hanyar Pauwa. Hausa na karanta a kwalejin horar da malamai, amma da malamin lissafinmu ya nemi canjin wurin aiki ya koma Funtua, shugaban makaranta ya leƙo ofishin malamai, ya duba ya ga ni ce ƙarama kuma ba na iya musu. Haka na wayi gari malamar lissafin aji ɗaya, ni da ko a jarrabawar fita sakandare da ƙyar na tsallake shi.

Akwai kuma Ɗanliti. Mahaƙin rijiya ne, sana'ar da ya gada wurin babansa da kakansa. Bazarar bara ya zo ƙara wa rijiyar gidanmu zurfi, kwana biyar yana aiki, ni nake kai masa ruwan sha da fura bakin zaure. Ban san ranar da abin ya shige ni ba. Na dai lura ranar da ya tattara dagi da igiyoyinsa ya tafi, gidan ya yi min wani irin shiru, na kasa cin tuwon dare. Wata goma sha ɗaya ke nan muna tare, kuma babu wanda ya sani a gidanmu. Na hana shi zuwa zance. A wayata ma Hajaratu Tela na sa masa, saboda Inna tana da ɗabi'ar leƙa waya idan ta yi ƙara. Ina son sa, wallahi ina son sa, amma ina jin kunyar a ce shi ne nawa. Na faɗa muku gaskiya tun farko don kada wani ya ɓata lokaci wajen kare ni.

Ranar Lahadi bayan la'asar Baba ya kira ni. Yana zaune kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya rage muryar rediyo, Inna tana gefe da faranti a cinya tana tsintar wake.

"Saude," ya ce, "ran Juma'a in an sauko masallaci Kawunki Abdulgafar zai biyo. Ba ni yi maki dole, ban yi ma yayyenki ba. Amma suna ɗaya nike son ji daga bakinki, a gabanshi."

"To Baba."

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Sunan ai sananne ne, Malam. Mas'udu yaron kirki, ga aikin asibiti, ga ɗaki ciki da falo ya gina. Ɗiyata mai takardar malanta ai sai ma'aikaci, wa kuma za ta kawo?"

Mas'udu ɗan ƙawar Inna ne, sau uku yana zuwa wurina, duka ukun labarin ƙarin girman da za a yi masa ya ba ni. Ba shi da laifi. Ni dai na ce to, na tashi na shige ɗaki na zauna bakin katifa ina kallon labule. Wannan Innar ita ce take kiran Ɗanliti "yaron nan mai laka" lokacin da yake mana aiki, kuma a tsohon kwanon da muke ba kaji ruwa ta so ta zuba masa tuwo, sai da na faki idonta na canza.

Ranar Litinin na shiga aji da wannan nauyin a ƙirji. Darasin ranar shi ne ninka lambobi masu alamar fulos da mainos, wato waɗanda suke sama da sifili da waɗanda suke ƙasa da shi. Yara sittin da uku, bencin mutum uku an cusa biyar, zafi kuma tun ƙarfe tara ya fara dukan kwano. Na rubuta dokokin a allo yadda aka koya mana, na ce su bi ni da baki.

"Fulos sau fulos?"

"Fulos!"

"Mainos sau fulos?"

"Mainos!"

"Mainos sau mainos?"

"Fulos!"

Har da masu buga benci, abin ya zama waƙa. Ina cikin jin daɗi na iya koyarwa sai na ga hannu a bencin gaba. Alheri ce, 'yar siririya mai ɗan tabo a goshi, daga wata unguwar manoma Kiristoci take tahowa a ƙafa kusan awa guda kullum, kuma ba ta taɓa makara ba. Matsalarta ɗaya, ba ta barin magana ta wuce.

"Malama, mi ya sa?"

"Mi ya sa mi?"

"Wanga na ƙarshe. Kin ce mainos ƙasa da babu ne. Tau in ƙasa da babu ya haɗu da ƙasa da babu, ina aka samo akwai?"

Na juya na kalli allo kamar amsar tana rubuce a can.

"Haka dokar take," na ce.

"Wa ya kafa ta, Malama?"

Yara suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na daka mata tsawa na ce ta zauna, in ta ƙara katse ni sai ta share ofishin malamai har ƙarshen mako. Ta zauna, amma ba ta sunkuyar da kai ba, kallona kawai take yi, irin kallon wanda ya gane ba ka sani ba.

To jama'a, tambayar nan ta bi ni har gida. A kan mashin ina tunaninta, ina wanke-wanke ina tunaninta. Shekara nawa ina rera mainos sau mainos fulos, ban taɓa tsayawa na ce don me ba? Na buɗe littafin lissafin aji ɗaya, na tarar an zana akwati an sa dokar a ciki, babu ko kalma ɗaya ta dalili. Na tambayi malamin kimiyyarmu ta waya, ya ce, "Malama Saudatu, haka Turawa suka tsara abinsu, ki ba su su haddace kawai." Na hau intanet na sami wani mutum yana bayani da Turanci da sauri kamar ana korarsa, kafin na kama bakin zaren data ta ƙare. Abin mamaki, har na fi damuwa da wannan fiye da maganar Juma'a, ko kuma dai na fake da shi ne don kada na yi tunanin Juma'ar.

Ina ninke kayan wanki saƙon murya ya shigo daga Hajaratu Tela. Kullum da murya yake turowa, don a aji huɗu na firamare ya tsaya, rubutu yana ba shi wahala. Na shige bayan rumbu na kara wayar a kunne.

"Saude, barka da yamma. Gobe ina rijiyar bakin masallaci ta garin makarantarku, mai unguwa ya kira ni in duba masu ita. In kin tashi ko daga nesa ki ɗago mani hannu, ya ishe ni."

Na rubuta masa, "To, Allah ya kai mu." Na goge saƙonsa kamar yadda na saba.

Ranar Talata da aka tashi ban tsaya daga nesa ba. Na ɗauki butar ofis na nufi rijiyar kamar mai neman ruwan alwala. Mata sun kai goma a wurin da bokitai da jarkoki, ga mai unguwa tsaye da sandarsa. Ɗanliti ya fito daga ciki ke nan, singileti da gajeren wando duk laka, har a girarsa. Ya gan ni, ya yi kamar bai gan ni ba, don ya san sharaɗina.

"Mako huɗu ya rage maku, Baba," yake ce wa mai unguwa. "In ba a ƙara mata zurfi ba, mako huɗu guga zai taɓo laka."

Mai unguwa ya yi salati ya tafi neman dattawa. Ni kuwa abin ya tsaya min. Na matsa na aje buta, na yi ƙasa da murya.

"Ya aka yi ka san mako huɗu ne? Duba kake yi?"

Ya yi murmushi ya jawo wata igiya daban da ta guga. Tsohuwa ce ta rama, ta yi baƙi saboda hannu, an ƙulla mata ƙulli-ƙulli a jere, tsakanin kowane biyu kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. A ƙarshenta akwai dutse, a wani ƙulli kuma an ɗaura jan ƙyalle.

"Ta kakana ce," ya ce. "Kin ga jan ƙyallen ga? Nan ruwa yake yau, kullum na zo sai in matsar da shi inda ruwa ya tsaya. Daga shi zuwa dutse ƙulli takwas, nan ne gindin rijiya. Ita kau wagga rijiya na san halinta, in bazara ta kama, kamu biyu take sauka duk mako. Takwas, ana cin biyu-biyu. Mako nawa ke nan, Malama?"

"Huɗu," na ce.

"Tau kin ga ba duba ba ne."

Wani abu ya fara motsi a kaina. Na ce, "Mako uku nan gaba, ruwan yana ina?"

Ya ƙirga ƙulli shida ƙasa da jan ƙyalle ya riƙe wurin.

"To mako uku da suka wuce fa?"

"Wannan ai ba sai na ƙirga ba. Leƙa ki gani."

Na dafa bakin rijiya na leƙa, sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka bugo ni. Ya nuna min bangon ciki. Sama da ruwan akwai zobba-zobba na kore-kore da suka zagaye bangon, kowanne alamar inda ruwa ya taɓa kwana. Ya ce wancan mai duhun shi ne na ranar da ya zo mako uku baya. Ya zura igiyar a hankali har jan ƙyalle ya taɓa ruwa, na ƙirga ƙullin da ke tsakanin ruwan da zoben da idona. Shida ne, kuma sama.

Tsigar jikina ta tashi. Na zaro biro daga jaka na fara rubutu a tafin hannu, don ban ma tuna da takarda ba. Jan ƙyalle shi ne sifili. Sama da shi fulos, ƙasa da shi mainos. Ruwan da ke sauka kamu biyu, mainos biyu ke nan. Mako uku nan gaba fulos uku, ruwa ya yi ƙasa da shida, mainos shida. Mako uku baya kuwa mainos uku, kuma tunda sauka yake yi, ai a baya sama yake. Mainos biyu sau mainos uku, fulos shida. Ga shi nan a bangon rijiya, kore shar, ba wanda ya kafa doka.

"Ɗanliti!" na faɗa da ƙarfi, har mata biyu suka waiwayo. "Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Mi na yi?"

Na yi masa bayanin Alheri da tambayarta da yadda na kunyata. Ya saurara yana kankare laka daga hannu, sannan ya yi dariya har haƙoransa suka fito fari tas cikin wannan fuska mai taɓo.

"Wai wanga ne ya hana ki sukuni? Kakana ya san shi, bai taɓa riƙa biro ba."

"Ara min igiyar nan zuwa gobe."

Ya ɗan yi jim, don ba ya ba kowa ita. Sannan ya naɗe ta ya sa a wani tsohon buhun taki ya miƙo min. "Gobe sha biyu zan biyo makaranta in amsa. Ina da aiki 'Yankara, ina so in isa kafin la'asar, kin san hanyar."

Na karɓa zan juya ya ce, "Saude." Muryarsa ta canza. "Na ji an ce ran Juma'a za ki hidda suna."

"Wa ya gaya maka?"

"Ƙanƙara ce fa. Ba ni matsa maki, ban taɓa ba. Amma wata goma sha ɗaya ina tsayuwa inda ba a ganina. Na gaji da zama Hajaratu Tela."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ashe ya sani. Ya ce tun watan azumi ya gani, ranar da ya kira lambata ina tsaye kusa da shi don na nemo wayata cikin jaka. Bai taɓa ɗaga maganar ba sai ranar. Na ce masa ya ba ni lokaci, ya ce lokacin ai ba a hannunsa yake ba, ya ɗauki dagi ya koma bakin aikinsa.

Ranar Laraba na yi shiri kamar mai zuwa biki, atamfata shuɗiya mai zanen ganye, farin hijabi da na goge tun jiya, takalmi mai rufi. Inna ta bi buhun takin da kallo ta ce mene ne wannan, na ce kayan koyarwa ne. Wannan karon ban yi ƙarya ba.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata nake da aji ɗaya. Na sa aka matsar da bencina gefe biyu, na shimfiɗa igiyar a tsakiya tun daga gindin allo har bangon baya. Na ce allo shi ne bakin rijiya, bangon baya gindinta. Yaran nan kowannensu ya ja guga tun yana ƙarami, nan da nan suka kama, har da masu gardamar cewa rijiyarsu ta fi wannan zurfi.

"Alheri, taso. Yau ke ce ruwa."

Ta taso tana harare-harare, tana zaton hukuncin shekaranjiya ne. Na tsayar da ita kan jan ƙyalle.

"Duk mako kina sauka ƙulli biyu. Mako uku nan gaba kina ina?"

Ta taka biyu-biyu zuwa baya, aji yana ƙirga mata. "Shida ƙasa, Malama." Na rubuta mainos biyu sau uku, mainos shida.

"Koma kan ƙyalle. To mako uku da suka wuce kina ina?"

Ta ɗaga ƙafa za ta sake yin baya, sai ta tsaya. Ta kalli igiya, ta kalli allo. Ta juyo a hankali ta fara takowa wajena, biyu, huɗu, shida. Ta tsaya ta buɗe baki.

"Sama nike! Malama, da can sama nike, ai sauka nike yi!"

Na rubuta mainos biyu sau mainos uku, na miƙa mata alli. Da hannunta ta rubuta fulos shida. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar lokacin ba, har idona ya kawo ruwa.

Ina juyowa na ga mutum biyu a bakin ƙofa, ban san tun yaushe suke tsaye ba. Shugaban makaranta ne, da wani dogo mai kaftani ruwan toka da zanna bukar, fayil a hammata. An ce mana masu duba makarantu za su zo cikin makon, amma ba wanda ya ce min Kawu Abdulgafar za a turo. Yayan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya shekara ashirin da biyu yana koyar da lissafi kafin a ɗauke shi ofis, kuma a danginmu in ya yanke magana ta yanku. Yara suka miƙe suka gaishe su. Ya ɗaga musu hannu, ya zo ya tsuguna da kaftaninsa yana shafa ƙullin igiyar ɗaya bayan ɗaya.

"Ci gaba, Malama," ya ce, kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya fasa, ya karɓi allin da kansa ya rubuta mainos takwas a raba da mainos biyu. "Wa zai gaya mani?"

Ban koya musu rabawa ba tukuna. Alheri ta kalli igiya, leɓenta yana motsi.

"Huɗu, Yallaɓai. Gindi yana ƙulli takwas ƙasa, ana sauka biyu-biyu. Mako huɗu nan gaba ta ƙafe. Gaba kuma fulos ne."

Ya rubuta shida a raba da mainos biyu. Wata Sumayya da tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu daga can baya ta ce, "Yaushe ruwa yake shida sama? Mako uku baya. Mainos uku."

Kawu ya aje alli ya karkaɗe hannu. Ya daɗe yana kallon igiyar, fuskarsa irin ta yaron da aka nuna wa sabon abin wasa.

"Shekara ashirin da biyu ina sa yara haddar abin ga," ya ce. "Ban taɓa ganin an yi shi haka ba. Malama Saudatu, ina kika samo wannan dabara?"

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin da ba na so na rage komai. Tagogin ajinmu ba su da marfi. Kafin na buɗe baki idona ya sauka a tagar da ke kusa da ƙofa, na ga mashin a gindin bedi, na ga Ɗanliti tsaye a baranda. Ya yi wanka, ya sa shadda ruwan sararin samaniya da ban taɓa ganinsa da ita ba, da hula, da agogo. Mutumin da zai tafi haƙar rijiya ya yi wannan shigar don kawai zai tako makarantar da nake aiki. Yana murmushi, ya ji duk abin da Kawu ya ce. Muka haɗa ido. Na gan shi sarai, ba zan ce ban gan shi ba.

Na juya na ce, "A wani littafi na gani, Yallaɓai."

"Wane littafi?"

"Na manta sunansa."

Ban sake kallon taga ba. Sai sallama muka ji daga bakin ƙofa, a natse.

"An gama da igiya?"

Shugaban makaranta ya taso masa. "Kai kuma wane ne? Ba ka ga ana darasi ba?"

"Mai igiya ne, ranka shi daɗe."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa ya fara naɗe ta a gwiwar hannu, yara suna ɗage ƙafa. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Kawu ya bi shi da ido har ya fita, sannan ya bi bayansa baranda, ni ma na bi su.

"Samari, dakata. Ƙullin nan na mene ne?"

Ɗanliti ya rusuna ya yi masa bayani, kamu da jan ƙyalle da zobban bango, yadda ya yi min. Kawu yana ta jefa masa tambaya, in damina ce fa ruwa yana hawa, in rijiyar tana kan dutse fa, shi kuma yana amsawa ba tare da ya tsaya tunani ba. Da suka gama Kawu ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Kawu," na ce, na manta da Yallaɓai, "ƙarya na yi. Babu wani littafi. Shi ya koya min jiya a bakin rijiya. Sunansa Ɗanliti, shi ya yi mana aikin rijiyar gida bara." Na ɗago kai na dubi Kawu. "Kuma shi ne sunan da zan faɗa ranar Juma'a."

Shugaban makaranta ya tuna yana da aiki a ofis. Yara sun cika tagogi, ba wanda ya kore su. Kawu ya gyara fayil a hammata ya dubi Ɗanliti tun daga hula har ƙafa.

"Kai fa, mi ka ce?"

Ɗanliti ya ɗaure bakin buhun a hankali kafin ya amsa.

"Alhaji, tambaya ɗaya ka yi mata, ta ba ka amsa biyu. Ta biyun sai da ka gane ta faɗe ta. Ta farkon kau ta gan ni tsaye kafin ta faɗa." Ya rusuna. "A yi mani izini, ina da aiki 'Yankara."

"Ɗanliti," na ce, "don Allah."

Ya ɗaure buhun a bayan mashin, ya tattare shaddarsa ya hau. Sau biyu yana buga mashin ɗin kafin ya tashi, kuma duk tsawon lokacin ina tsaye ina jiran ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Kawu ya bari ƙarar ta yi nisa sannan ya ce, "Yaron yana da kai, kuma yana da zuciya. Tau ran Juma'a mi zan ce ma babanki?"

"Ɗanliti."

"In bai turo kowa ba fa? Kin ƙi na Innarki a gaban dangi, wanda kika kama kuma ya sake ki. Kin san ƙanwata, ba za ta bar maganar ga ba har ki tsufa."

"Ko bai turo ba, Kawu."

Ya ɗan dube ni, ya gyaɗa kai, ya nufi ofishin shugaban makaranta.

Yau Alhamis. Sau tara na kira shi, tana shiga, ba ya ɗauka. Inna kuma tana tsakar gida tana surfa geron furar baƙin gobe, tana 'yar waƙarta, ba ta san komai ba tukuna.